Yadda na yi jinyar ciwon ƙwauri da na'urar shokweb, daga ƙauyenmu zuwa Kano

Tun da na koma buga ƙwallo matasan garinmu da na maƙwabta suke tare ni da tambaya. Wani ya ce wane irin aiki aka yi mini a Kano, wani ya ce nawa na kashe, wani kuma so yake ya ji ko da gaske wuta ake jona wa mutum a ƙafa. Na ga gara in zauna in rubuta abin tiryan-tiryan, don duk wanda ƙwaurinsa ya fara damunsa ya san ta inda zai fara, kada ya yi ta bulayi tsakanin kemis da tasha.

Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Ringim ta jihar Jigawa. Ina koyarwa a firamare, ina taɓa noma, da yamma kuma ina buga wa ƙungiyar garinmu tsakiya. Bayan kaka ne ake shirya gasar cin kofi tsakanin garuruwa, to a shekarar da abin ya same ni kocinmu ya ƙara mana gudun asuba a kan kwalta, ban da atisayen yamma. Ga shi ruwa ya ɗauke, filin makarantar da muke wasa ya bushe ya yi tauri. Da damina sau biyu ko uku muke fita a mako, sai ga shi kullum muna tafe, safe da yamma. Ba a jima ba na fara jin wani zugi a gefen ciki na ƙwaurina na dama, daga kamar yatsa huɗu a saman idon sawu zuwa tsakiyar ƙashin. Da farko idan na fara gudu sai ya yi zafi, jiki na ɗumama ya lafa, ina tsayawa ya dawo. Daga baya ya daina lafawa. Zaman tahiya ya zama aiki, haka tada mashin da ƙafa, sai na ciji leɓe kafin in taka.

Kemis na fara zuwa kamar kowa. Aka ba ni diklofenak da man zafi. Maganin yana kwantar da ciwon na wasu awoyi, mutum ya fita fili yana jin ya warke, da dare kuma abin ya dawo ya fi na jiya. Daga nan Yayana ya kai ni wurin wani dattijo maɗori a garin da ke gaba da mu. Ya shafa ƙafar tun daga gwiwa har dunduniya, ya murɗa idon sawun, sannan ya ce, "Yaro, babu karaya babu targaɗe. Wannan ba aikina ba ne, ka je asibiti." Ko sisi bai karɓa ba, Allah Ya saka masa da alheri. Kafin in tafi asibitin kuma sai da Inna ta sa wanzami ya yi mini ƙaho a wurin, wai mataccen jini ne. Ku riƙe maganar ƙahon nan, za ta dawo a gaba.

Babban asibitin da na je, sammako ake yi masa. Na yanki kati, na bi layi har wajen ƙarfe 11 kafin a kira ni. Likitan bai yi saurin rubuta magani ba. Cewa ya yi in nuna masa inda ke ciwo da yatsa ɗaya, sai na ga yatsa ɗaya ba zai isa ba, dole na shafa wurin da tafin hannu. Ya bi gefen ƙashin yana dannawa a hankali, ina cewa nan ma, nan ma. Ya sa na yi tsalle da ƙafa ɗaya, na yi, da ciwo amma na iya. Sannan ya tura ni hoton ƙashi. Da na dawo da hoton ya ɗaga shi ya duba, ya ce ƙashin lafiya lau, amma ya yi mini wani bayani da nake so kowa ya sani: idan ƙashi ya yi 'yar tsagewar nan ta yawan gudu, sau da yawa hoto ba ya nuna ta a makonni 2 zuwa 3 na farko. Abin da ya fi ba shi natsuwa a kaina shi ne ciwon ya riga ya daɗe, kuma a baje yake, ya wuce tsawon santimita 5. Tsagewa a wuri ɗaya take zama, ka ɗora yatsa mutum ya zabura. Nawa, in ji shi, ƙashin ne da fatar da ke lulluɓe da shi suka gaji da dukan ƙasa, suna samun rauni fiye da yadda jiki ke iya gyarawa. Ya ce in ajiye gudu, idan na huta abin bai bari ba in tafi sashen gashin ƙashi, ya rubuta mini takardar turawa. Kati da hoto sun ci mini kusan naira 7,000 a lokacin.

Na huta sosai. Gasar ma a bakin fili na kalle ta, aka fitar da mu a zagaye na biyu. Ciwon ya kwanta har na manta da shi, amma ina komawa atisaye ko mako ban rufa ba ya taso. Haka muka yi ta yi da shi har watanni suka ja. A nan ne wani ɗan'uwanmu ma'aikacin jinya da ke zaune a Kano ya kawo maganar shokweb, wata na'ura da ke buga wurin ciwo da girgiza, ya ce ana yi wa masu irin wannan ciwo idan hutu da motsa jiki sun gaza.

Neman inda na'urar take shi ne abin da ya fi ruɗa ni. Manyan asibitoci irin su Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Rasheed Shekoni a Dutse duk suna da sashen gashin ƙashi, ga kuma cibiyoyi masu zaman kansu a cikin Kano. Amma samun sashe daban, samun wannan na'ura tana aiki a ranar da ka je daban. Akwai wata cibiya da aka ce mana a waya suna da ita, da ɗan'uwan nawa ya leƙa sai ya tarar 'yar na'urar nan ce da ake manna wayoyi a fata tana tsirar mutum. Wata kuma fitilar gashi ce. Duka suna da amfaninsu, amma ba su ake nema ba. Don haka idan za ka tambaya, ka ce mai kan nan kamar bindiga, wadda ke bugawa da ƙara. A ƙarshe wata cibiya mai zaman kanta muka samu, aka ba ni rana.

Daga Ringim mota take sauke mutum a tashar Yankaba, daga nan na hau adaidaita sahu. Na tafi da takardar turawa, da hoton ƙashin, da kwalin magungunan da na sha. Ɗan'uwana ya ce in haɗa da kambas ɗin da nake gudu da shi da gajeren wando, kuma duka sun yi rana. Na biya naira 5,000 na ganin likitan gashin ƙashi. Matashi ne, ba zai girme ni da yawa ba, ya ce a Jami'ar Bayero ya yi karatu. Ya fi rabin awa yana tambayata. Ina shan maganin tsinka jini irin su wafarin? Jinina yana wuyar tsayawa idan na yanke? An taɓa yi mini allurar sitiroyid a wurin kwanan nan? An taɓa ce mini jini ya daskare a jijiyar ƙafata, ko akwai ƙari a wurin? Ya ce duk wanda ya amsa da e a ɗaya daga cikin waɗannan, ba a yi masa sai an sake shawara, haka ma mace mai ciki. Sannan ya juya kambas ɗina ya nuna mini yadda gefen ciki ya cinye fiye da na waje. Ya sa na tsaya ba takalmi, ya ce tafin ƙafata yana faɗawa ciki idan na taka. Ya sa na ɗaga dunduniya da ƙafa ɗaya in sauke, in ɗaga in sauke. Ta hagu ta yi ta yi, ta dama kuwa nan da nan sharaɓar ta fara rawa.

Da ya zo kan tabon ƙahon sai ya tsaya. Biyu daga cikin tsagar ba su gama rufewa ba, domin na sake yin wani ƙahon da ciwon ya dawo. Ya ce, "Malam, yau ba za mu buga ba. Ba a ɗora na'urar nan a kan fata mai rauni." Na ce, "Ranka ya daɗe, daga Jigawa fa na taso." Ya ce ya sani, amma ba zai karɓi kuɗina ya jawo mini wani ciwon ba. Raina ya sosu ƙwarai a ranar, ga kuɗin mota ya tafi. Sai dai ban fito hannu rabbana ba, domin ya koya mini motsa jikin da zan fara a gida, kuma ya zaunar da ni ya yi mini bayanin na'urar.

Abin da na fahimta shi ne babu lantarkin da ke shiga jikin mutum. Iska ce ake matsawa a cikin injin, ta harba wani ɗan ƙarfe a cikin bututu, ya daki kan da aka ɗora a fata, girgizar ta ratsa nama ta isa bakin ƙashi. Wannan ita ce mai bazuwa, wadda ta fi yawa a cibiyoyi. Akwai wata mai tattara ƙarfinta a wuri ɗaya can ciki, ta fi tsada. Ya ce asalin fasahar ta fasa tsakuwar ƙoda ce ba tare da tiyata ba, a birnin Munik na Jamus aka fara yi wa marasa lafiya a 1980, daga baya likitocin ƙashi suka rage mata ƙarfi suka karkato da ita kan jijiya da ƙashi, har Amurka ta amince da ita don ciwon dunduniya a 2000. Manufar ita ce a tsokani wurin da ya ƙi warkewa, jini ya ƙara gudana, jiki ya sake tada aikin gyara, jijiyoyin da ke kai saƙon zafi kuma su ɗan lafa. Abin da ya sa na yarda da shi shi ne bai cika baki ba. Ya ce a wani bincike da likitoci suka wallafa a 2010, an ɗauki mutum 47 aka yi musu bugu sau 3 tare da motsa jiki a gida, wasu 47 kuma motsa jikin kawai suka yi. Bayan wata 15, mutum 40 daga rukunin farko sun koma wasanninsu, a ɗaya rukunin 22. Amma ya ƙara da cewa wani ƙaramin bincike a Ostareliya a 2017 bai ga bambanci ba tsakanin waɗanda aka yi wa bugun gaske da waɗanda aka yi wa na je-ka-na-yi-ka. "Don haka ba zan rantse maka ba," in ji shi. "Abin da na tabbatar shi ne idan ba ka yi aikin gida ba, kuɗinka ka zubar."

Kowane zama naira 15,000 ne a wurin a lokacin, kuma ya ce yawanci zama 3 zuwa 5 ake yi, mako guda a tsakani. Na koma gida na sayar da buhun riɗin da na ajiye, na kai akuya guda kasuwar Gujungu. Da fatar ta warke na dawo.

Ga yadda zaman yake. Na kwanta rigingine, aka tattare wando, ya bi ƙashin da yatsa yana sa alama da biro a wuraren da suka fi ciwo. Ya shafa wani ruwa mai yauƙi mai sanyi, irin wanda ake shafa wa mata a ciki wajen sikanin. Ba a yi mini allurar kashe zafi ba, ya ce so yake in riƙa gaya masa inda ya fi zafi, da wannan yake gane ya samu wurin. Yana taka injin sai ƙara ta cika ɗakin, tat-tat-tat, kamar tela ya taka keken ɗinki da sauri. A kan naman sharaɓa abin ba komai, har da ɗan daɗi. Da ya matso bakin ƙashin kuwa sai na ji zafin ya shige har ɓargo, na damƙe gefen gado ina salati. Ya ce in ba shi lamba daga 1 zuwa 10, na ce 8, ya rage ƙarfi har ya dawo wajen 5 ko 6, ya ce a nan ake so. Abin mamaki, bayan kamar minti guda wurin sai ya yi dundum, zafin ya ragu, ya sake ƙara ƙarfin kaɗan. A allon na'urar na ga lamba tana hawa har ta kai 2,000, ya ɗauke. Duka-duka bai kai minti 10 ba. Sai da na tambaye shi ko an gama ke nan, domin tafiyar rabin yini na yi.

Na tashi da ƙafata na fita, wurin ya yi ja kawai. A mota ne abin ya nuna kansa, domin an cusa mu huɗu a baya, ga buhu a ƙarƙashin ƙafa, ƙwaurin na gugar kujerar gaba. Tun daga ranar nake ƙara kuɗi in karɓi kujerar gaba. Kwana biyu wurin na tsami, har da ɗan kumburi da taruwar jini ƙarƙashin fata, daga nan ya koma yadda yake. Ya hana ni diklofenak da ibuprofen duk tsawon jinyar, domin suna danne kumburin da ake so ya tada aikin gyaran. Idan abin ya matsa, farasitamol kawai.

Aikin gida shi ne ɗaga dunduniya a bakin dakali, a fara da ƙafa biyu, a koma ɗaya, daga baya a ɗauki jarkar ruwa a hannu don ƙarin nauyi. Sai miƙar da sharaɓa a jikin bango, da tattaro tsumma da yatsun ƙafa, da tsayuwa da ƙafa ɗaya. Gudu babu, ƙwallo babu, amma ya yarda in tuƙa keke, don haka na ajiye mashin na koma zuwa makaranta a keke. Ɗalibaina sun sha dariya.

A zama na biyu na tarar babu wuta, janaretansu kuma ana gyara, muka zauna har bayan azahar. Daga ranar nake buga waya kafin in bar gida, in sake bugawa kafin mota ta tashi. Wannan makon ne kuma ya fi yi mini nauyi a zuciya, domin ban ga wani canji ba. Idan na danna ƙashin zafin na nan. Yayana ya ce, "Kai dai ka sayar da akuya ka kai wa 'yan birni." Ban iya ce masa komai ba, ni ma tunanin da nake yi ke nan. Da na faɗa wa likitan sai ya ce haka abin yake, ba allura ba ce, yawancin mutane sai makonni bayan zaman ƙarshe suke ganin amfanin, wani har wata 3. Ya sake auna ni bayan zama na uku, ya ce a tsaya a nan tukuna, ba sai na ƙara kashe kuɗi ba.

Sauƙin a hankali ya zo, ba zan iya nuna ranar da ya fara ba. Na dai lura na daina gyara zama a tahiya, daga baya na ga ina taka mashin ban tuna da ƙafar ba. Da na yi mako biyu ina tafiya mai nisa ba ciwo, na kira shi ya ba ni tsarin komawa gudu. A fara da gudun minti 1 da tafiyar minti 2, a maimaita, a kan ƙasa mai laushi irin ta burtali, ba kwalta ba. Yau a yi, gobe a huta. Idan zafi ya wuce 3 cikin 10, ko aka wayi gari da shi, a koma matakin baya. Sau ɗaya na koma baya, lokacin da na fara haɗawa da guje-guje masu juyi. Sai da na iya gudun rabin awa lafiya kafin ya ce in shiga atisaye, shi ma rabin lokaci. Na sayi sabon kambas mai kauri a Kano, tsohon ya zama na zuwa gona. Idan aka haɗa asibiti, zaman bugu, mota, abinci da takalmi, abin da ya fita daga aljihuna ya doshi naira 100,000, kuma farashi ya motsa tun daga lokacin, don haka a tambaya kafin a taso.

Idan aka tambaye ni ko na'urar ce ta warkar da ni, amsata ita ce ta taimaka, domin a baya na huta ba sau ɗaya ba kuma ciwon ya dawo. Amma a hutun baya ban ƙarfafa sharaɓa ba, ban canza takalmi ba, kuma ina komawa fili da cikakken gudu nake farawa. A ganina wanda ciwonsa sabo ne bai kamata ya sayar da komai ba. Ya rage gudu, ya sauka daga kwalta, ya je a duba shi, ya nemi mai gashin ƙashi ko da a babban asibiti mafi kusa ya koya masa motsa jikin nan. Da yawa a nan suke warkewa. Shokweb na wanda ya yi duk wannan na watanni abin ya ƙi ne. Wanda kuma ya yanke shawarar zuwa, ya bar ƙaho da tsaga, ya ajiye kuɗin zama uku da na mota gaba ɗaya kafin ya fara, domin yankewa a tsakiya asara ce. Ya tabbatar mai riƙe na'urar likitan gashin ƙashi ne mai rajista da hukumarsu ta MRTB, kuma idan wani ya ce zai buga maka ba tare da ya duba ka ya yi maka tambayoyin nan ba, ka ɗauki takalminka.

Akwai kuma waɗanda bai kamata su tsaya jiran hutu ba sam. Wanda ciwonsa ke wuri ɗaya tak, musamman a gaban ƙashin, ko yake tashinsa daga barci, ko ba ya iya tsalle da ƙafar, wannan tsagewa ake zargi, kuma idan hoton farko bai nuna ba ana iya maimaitawa ko a tura shi MRI, wani hoton da ya fi na ƙashi nuna cikin jiki. Wanda ƙafarsa ke cika ta yi tauri idan yana gudu har tafin ya mutu ko ya riƙa jin kamar kiyashi na bi, shi ma wani ciwo ne daban, na matsewar nama. Sharaɓar da ta kumbura ta yi zafi haka kawai kuwa, ranar ake kai ta asibiti. Yaran da ke ƙaramar ƙungiyarmu, 'yan shekara 14 zuwa 16, biyu sun fara kukan ƙwauri a bana, na tambayi likitan a waya ya ce masu irin shekarunsu ƙashinsu bai gama girma ba, ba a gaggawar ɗora musu na'urar. Na samu koci muka yi magana, ya cire su daga gudun asuba, sauran kuma ya mayar da shi sau biyu a mako ta hanyar gona.